Dogon Gilashi da Fuskar Adda

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a gida irin namu a cikin garin Daura ya san abin da hakan ke nufi. Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba. In tana son aike na, sai ta ce wa ƙanwata, "Ki ce wa wancan ya zo." In na durƙusa gaishe ta, tana amsawa ne fuskarta na kallon bango, ko ƙwaryar da ke gabanta. A hannun kakata na girma, sai da ta rasu na dawo gidanmu ina saurayi. Ko Inna ban iya ce mata ba kamar sauran ƙannena. Adda nake ce mata, yadda na ji ƙannenta na wajen Baure suna kiranta.

Kunyar ɗan fari ke nan. Kowa ya ce mini ba ƙiyayya ba ce, ni ma na sha gaya wa kaina haka. Amma wallahi akwai ranakun da abin ya ci mini rai. Sai in ga ta riƙe haɓar autanmu tana duba masa ido, ni kuwa da na fara shigowa duniya ta hannunta ko kalar ƙwayar idonta ban sani ba. Gefen fuskarta na sani, da ƙeyarta, da zanen goshinta in ta sunkuya.

Da na gama sakandare aka kai ni koyon hoto a wani shago kusa da tasha. Lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da Shari'a a jiharmu ba, sana'ar kuma ta sauya kama. Da can mai hoto yana kutsawa har tsakar gidan biki, mata na ta gyara ɗauri suna kiransa. Yanzu sai dai ya tsaya a waje. Abin da ya rage mana shi ne hoton fasfo na maniyyata da 'yan makaranta, sai walimar saukar karatu ta Islamiyya, inda ake jera ɗalibai layi-layi a ɗauke su gaba ɗaya. Maigidana mutum ne mai faɗa kamar me, amma hannunsa a buɗe yake. Da ya ga na fara gane haske da inuwa, ya jawo wata tsohuwar kyamara daga ƙarƙashin teburi ya miƙo mini. Gilashinta, wato idon nan na gaba da ake murɗawa a cire, ya tsage gida biyu.

"Ga gangar jiki," in ji shi. "Ido kuma ka nemo da guminka."

A cikin wannan shekarar ce Adda ta fara ciwo. Ba ta kwanta ba, ba ta kuma yi ƙorafi ba, sai dai zanenta ya riƙa yi mata yawa. An kai ta asibiti, an dawo da magunguna, an sake komawa. Wata rana da hantsi na ga ta ɗauko tulu ta ajiye shi a tsakiyar hanya ta dafa bango. A nan ne na tuna cewa matar nan ba ta da hoto ko ɗaya a duniya. Ba ta je Makka ba balle a yi mata fasfo, ba ta yi boko ba, baƙon namiji kuwa ba ya wuce zaurenmu. In ta tafi, ta tafi da fuskarta ke nan, ni da nake ɗaukar fuskokin mutanen da ban ma san su ba.

Na aro kyamarar shago na shigo da ita. Tun kafin in ɗaga, ta ja mayafi ta shige ɗaki. Na koya wa ƙanwata inda ake dannawa na fita waje. Da aka wanko, sai ga bango tas, ga ƙofar ɗaki, ga wani abu fari dishi-dishi wanda aka ce hannun Adda ne tana kare fuska. Na tura ƙanwata ta roƙe ta. Amsar da ta kawo mini gajera ce.

"Yaya, ta ce ba ta hana ka sana'arka ba, ka ɗauki abin da ka ga dama. Ita dai ba za ta zauna a gabanka kana ƙare mata kallo ba."

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Na ce a raina, wannan wace irin kunya ce da ko ciwo bai sassauta ta ba?

Bayan kaka, da aka kawo geron gonarmu ta Sandamu, baba ya ba ni rabona na sayar, na haɗa da ɗan abin da na tara a shago. Maigidana ya kwatanta mini rumfar wani Alhaji a Kano mai sayar da kayan hoto na hannu, ya kuma ja mini kunne tun kafin in hau mota. Gajeren gilashi zan sayo, mai faɗin gani, wanda zai kwashe ɗaliban sauka duka a hoto guda. Shi ne abincin mai hoto a wannan zamani, in ji shi, kada in tsaya ruwan ido.

Alhajin ya zube mini gilasai a kan wani tsohon bargo. Sababbin cikin kwali ko tambayar kuɗinsu ban yi ba, na san ba sa'o'ina ba ne. Abin da aljihuna zai iya ɗauka guda biyu ne, kuma ɗaya kawai a cikinsu. Ga gajeren da aka aiko ni saye, tsaf da shi, ba ƙwarzane. Ga kuma wani dogo mai nauyi kamar taɓaryar yara, fentinsa duk ya goge, a gefen gilashin akwai wani farin abu kamar saƙar gizo. Don son sani kawai na ɗaura shi a kyamarata na leƙa. Can tsallaken titi wata tsohuwa na sayar da gyaɗa. Na murɗa a hankali, sai ga fuskarta ta taho har gabana, ina ganin tsagar kumatunta da goron da ke leɓenta. Ita kuwa ba ta san ina yi ba.

Na sauke kyamarar.

"Wannan ba na mai koyo ba ne, ɗana," in ji Alhajin. "Yana son rana sosai, kuma in hannunka ya motsa ko kaɗan hoton ya lalace. A cikin ɗaki ba ya aiki. Me kake ɗauka?"

Na ce masa fasfo da sauka.

"To ɗauki gajeren ka tafi gida lafiya."

Gaskiya ya faɗa mini, Allah Ya saka masa. Na daɗe a tsugune ina juya su biyun. Na san in na koma da dogon, sana'ata za ta tsaya cik sai wata kakar. Na kuma san tsawon tsakar gidanmu, daga bakin zaure zuwa ƙofar ɗakin Adda, na san rana tana sauka daidai wurin da hantsi. Sana'a za ta jira ni. Adda ce ban sani ba ko za ta jira. Na ce a naɗe mini dogon.

Maigidana da ya gani sai da ya cire hula ya ajiye. "Kai, wannan bututun fa? Ƙwallo za ka ɗauka ko tsuntsaye? Na aike ka sayen fartanya ka sayo mini gora." Ya yi ta faɗa har masu jiran fasfo suka sa baki. Ban gaya masa dalili ba. Ta yaya zan buɗe baki in ce wa mutum ban san fuskar uwata ba?

Dama ina da al'ada, kullum da safe kafin in tafi shago nakan zauna a bakin zaure ta ciki in goge takalmi ko in share kyamara. Adda kuma takan fito ta zauna a ƙofar ɗakinta tana shan hantsi, tana tsince wake a faifai. Tsakaninmu akwai turmi, da igiyar shanya, da rijiya. Ran nan na zauna kamar kullum, na ɗora dogon gilashin a kan buhun gero don kada hannuna ya yi rawa, na sunkuya na sa ido. Abin da nake fata bai wuce gefen fuska ba, tana kallon wakenta. Shi ma ya ishe ni.

Da farko hazo kawai na gani. Na murɗa, faifai ya fito. Na ɗaga kaɗan na sake murɗawa.

Adda ba wake take kallo ba. Hannunta na cikin faifan amma ya tsaya. Ni take kallo, kai tsaye, ido cikin ido. A saninta mai hoto sai ya matso kusa ya ce a gyara zama, don haka ta ɗauka goge-gogena nake yi, kaina a sunkuye, ba na ganinta. Idanunta ba baƙaƙe ba ne ashe, ruwan ƙasa ne, irin nawa. Kuma kallon da ke cikinsu, ban san sunan da zan ba shi ba. Irin wanda take yi wa autanmu ne, har ya fi, don akwai damuwa a ciki, kamar tana duba ko na rame.

Na danna sau ɗaya. Ban iya na biyu ba, don ban ƙara ganin komai ta cikin gilashin ba sai ruwa. Na tashi na fita waje na tsaya a jikin katanga ina share hawaye.

A wancan lokacin ba a ganin hoto sai fim ya ƙare an kai wanki. Haka na ƙarasa shi da wahala. An gayyace ni wata sauka, na yi ta ja da baya don ɗalibai su shiga hoto, har na tsallaka titi na kusa faɗawa kwata, yara na dariya, malaminsu na tambaya ko mai hoton guduwa zai yi. Kunya ta ishe ni, amma kowane danni yana matso da ni ga ƙarshen fim ɗin. Da ya ƙare na ba direban da ke kai mana wanki Kano, na shiga zaman jira da fargaba. Ko hannuna ya motsa? Ko saƙar gizon nan ta rufe fuskar? A cikin kwanakin nan Adda ta daina fitowa hantsi.

Hoton ya fito. Gefensa ya yi dishi-dishi, igiyar shanya ta ratsa sama kamar zare, amma fuskar tana nan tar, da idanun. Maigidana ya karɓa ya duba, ya dube ni, ya mayar mini. Washegari na tarar ya ajiye mini nasa gajeren gilashin a kan teburi, wai in riƙa aiki da shi kafin in samu nawa.

Adda ba ta ga hoton ba. Na yi niyyar aika mata, sai na ga kamar tsiraici zan yi mata, in nuna mata na kama ta tana abin da ta ɓoye tsawon rayuwarta. Ta rasu kafin damina ta faɗi. Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta. Har ta koma ga Mahaliccinta ban ji sunana a bakinta ba.

Bayan an share makoki, gida ya yi shiru, na kira ƙanwata bakin zaure na ciro hoton daga aljihu na miƙa mata. Na zaci za ta yi mamaki yadda na yi. Ta daɗe tana kallo tana share hawaye da bakin hijabi, na ce mata, "Kin ga irin kallon da ta yi mini ran nan? Sau ɗaya a rayuwata, kuma Allah Ya sa na dace."

Ta ɗago ta dube ni kamar na faɗi wani shirme.

"Sau ɗaya? Yaya, ai kullum haka take yi. Me kake tsammani yake fito da ita hantsi da faifan wake? Waken nan fa tun da daddare ni nake tsince mata shi."