Ranar da Almakashin Kawu Ya Taɓa Kunnen Shugaba

Shekaru sun tafi da abubuwa da yawa daga kaina, amma ranar da aka kama kawuna tela saboda kunne ɗaya, wannan kam ba zan manta da ita ba.

Lokacin jam'iyya ɗaya ce a ƙasar, kuma duk bikin gwamnati sai matan Zongo sun fita rawa da anko mai hoton shugaban ƙasa. Kawu ke ɗinka musu. Saura kwana biyu biki, almakashinsa ya zame ya yanke wa shugaba kunne a gefen wata riga. Wani ya hango ta a rataye, ya kai tsegumi. Kafin azahar Kawu yana komisariya, wato ofishin 'yan sanda, da tef ɗin awo a wuyansa.

Ni kuwa ina ajin ƙarshe a makaranta, ina rubuta waƙoƙi a kan teku, na kuma haddace takardar haƙƙin ɗan Adam tsaf. Na ce wa matarsa, "Goggo, share hawayenki. Doka ta hana a tsare mutum haka kawai."

Ta ce, "Allah ya sa dokar ta san hanyar komisariya, 'yar nan."

Ashe ta sani. Can na same ta rataye cikin gilashi, daidai saman kan komise, shugaban 'yan sandan wurin. Na tsaya gabansa na karanto masa ita da Faransanci. Har ya tafa mini.

"Madmazel, kin iya karatu! Koma gida."

"Kawuna fa?"

"Kawunki yana hutawa."

Na fito da hawaye, sai ga Magajiya, shugabar matan unguwarmu, mata na biye da ita, kowacce da atamfarta da ba a ɗinka ba a ka. Suka zazzauna a bakin ƙofa. Wata ma gyaɗa ta hau ɓarewa.

Da komise ya leƙo, Magajiya ta rusuna. "Ranka ya daɗe, ba rigima ta kawo mu ba. Jibi za mu yi rawa gaban manya. In an tambaye mu ina ankonmu, sunan wa za mu faɗa?"

Ya dubi atamfofin, ya dubi matan, ya share gumi. Ba a jima ba sai ga Kawu. Shi kuma, bawan Allah, maimakon ya yi ta kansa, sai ya juya. "Yallaɓai, kunnen fa?"

"Ɗora masa aljihu!"

Muka kwashe da dariya har gida. Rigar mai aljihu Magajiya ce ta saka, a sahun gaba.

Har yau ina son kalmomin nan na cikin gilashi, ban daina gaskata su ba. Sai dai ranar na gane haƙƙi ba shi da ƙafa. In mutane ba su ɗauko shi sun zauna da shi a bakin ƙofa ba, a bango zai tsufa.