Zobban Muzna a Bututun Bindiga

Mabkut bin Salmin mijin yayata Muzna ne, kuma ban taɓa haɗuwa da mai taurin kai irinsa ba. Sana'arsa kiwon zuma, yana bin furen kurna daga kwari zuwa kwari a ƙasarmu ta Shabwa. Ni Awad, gyaran bindiga nake yi a kasuwa. Amma in ka tambayi mai zuma a garinmu sai a tsaya tunani. Ka ce mai fasa dutse, kowa zai nuna maka gidan Mabkut.

Mu dai in an je ɗaukar amarya, danginta kan ɗora farin dutse can a ƙirjin tsauni. Mutanen ango ba za su taka tabarma ba, ba za su sa hannu a akushi ba, sai ɗayansu ya fasa shi da harsashi. In suka kasa, a ba su abinci dai, amma da habaici za su haɗiye shi. Tun Mabkut yana saurayi garinmu ya huta da wannan kunya. A irin wannan taron ne ma Muzna ta fara ganinsa daga kan soro, cikin masu guɗa. Da ta sauko ta ce wa innarmu yaron nan ƙafafunsa kamar na zakara, amma idonsa ba laifi. Innarmu ta gane inda aka dosa.

Bindigarsa tsohuwa ce ƙirar Jamus, gadon mahaifinsa. Duk haihuwar da Muzna ta yi sai ta zare awarwaron azurfa ɗaya daga hannunta, ta aika wa maƙeri ya mayar da shi zobe, a zagaye bututun bindigar da katakonta. Zobe biyar ne, har da na yarinyar da ba ta rayu ba. Kafin ya harba sai ya bi su da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya kai ido. Na sha gaya masa azurfa ba ta saita bindiga, matse bututu kawai take yi. Ya ce in bari sai ranar da na fasa ko da tulun ruwa ne, sannan in koya masa harbi.

Muzna ta kwanta ciwo lokacin da autansu Yaslam bai ko fara gemu ba. Ina zaune a bakin gadonta ta kira mijinta da sunan ɗansu na fari, ta ce, "Baban Salmin, ranar auren Yaslam kada ka bar wa kowa dutsen nan. Kai za ka fasa shi."

"Wa zan bar wa?" in ji shi. "Awad?"

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ba ta kai kaka ba.

Bayan rasuwarta sai ya koma kan bindigar. Kullum in ya idar da sallar asuba ya shimfiɗa ta a cinya, ya goge zobban da toka har su ɗauki ido, sannan ya zura tsinken ƙarfe ta baki yana dirza cikin. Haka tsofaffinmu suke yi, a ganinsu bindigar da ake so ita ce wadda ake dirza. Ni ma kewar Muzna tana damuna, don ita ta goye ni, amma ni na yi kukana na gama. Shi bai yi kuka ba, shekara da shekaru yana cinye bakin bututu da hannunsa bai sani ba.

Abin ya fito fili ne a bikin wani maƙwabci. Mabkut ya harba, ƙura ta tashi gefen dutse. Ya sake, ta tashi sama. Wani saurayi ya karɓa ya fasa. Ga shi kuwa an riga an sa ranar Yaslam da wata 'yar ƙabilar Bani Hadi, mutanen da ke ɗora dutsensu inda akuya ma sai ta yi shawara kafin ta hau.

Washegari ya shigo shagona, ya ajiye bindigar kan teburi kamar mai kawo mara lafiya.

"Idona ne," ya ce. "Tsufa ya zo."

"Wane rubutu ne a jikin motar can ta ƙarshen kasuwa?"

Ya karanta tsaf, har da lambar.

"To Yaya, idonka ya fi nawa. Kawo ta nan."

Na zare maƙullin da ke rufe gindin bututu, na ɗaga bututun saitin rana na leƙa. Zanen nan da ke murɗe a ciki, wanda ke juya harsashi ya tafi a miƙe, ya shafe sumul wajen baki. Na ɗauki harsashi na sa kansa a bakin, ya faɗa har wuya ba abin da ya tare shi.

"Ka gani? Wannan ba harba harsashi take yi ba, tofar da shi take yi."

"Kullum ina goge ta."

"Shi ne ai. So ne ya kashe ta."

Na fito da bututu uku na jera masa. Na farkon gajere ne, mai ƙyalli, irin wanda samari ke so don ƙara a wurin biki. Mabkut ko kallonsa bai yi ba. Na biyu siriri ne dogo, kaurinsa ɗaya da tsohon. Na uku baƙi ne mai kauri, mummuna, nauyinsa kamar taɓarya.

Hannunsa ya tafi kan siririn kai tsaye. Na san dalili, na kuwa ga yana auna shi da ido yana kallon zobban.

"Wannan za su shiga," ya ce.

"Za su shiga. Leƙa cikinsa."

Ya leƙa ya daɗe. Tsatsa ta yi masa ƙananan ramuka a tsakiya, don wanda ya riƙe shi ya sha harbin iska a biki bai wanke da ruwan zafi ba. Na ce masa a kusa zai kashe zomo lafiya lau, amma a nisan Bani Hadi sai dai a yi ta addu'a. Siriri kuma da ya ɗauki zafi yake fara kauce wa saiti.

Ya ɗauki baƙin. Zanen cikinsa a tsaye yake, mai kaifi tun daga gindi har baki. Ya sa harsashi a bakin, harsashin ya tsaya cak a kafaɗarsa, ya ƙi faɗawa. Sai dai zobban ba za su shiga wannan kaurin ba.

"A buɗe zobban mana, a ƙara musu azurfa," na ce, don in ji abin da zai ce.

"Ka yanka awarwaron yayarka?"

"To ko an yanka ma ba zan sa ba. Wannan so yake a bar shi ya sha iska, kada katako ya taɓa shi, balle a ɗaure shi. Sai takarda ta wuce tsakaninsu ba ta maƙale ba."

"Bindiga tsirara kenan."

"Tsirara, amma tana samun abin da aka nufa."

Ya zauna kan buhun gawayi, bututu ɗaya a kowane hannu. Na zuba masa gahawa ta huce bai taɓa ba. Raina ya so in ce masa Muzna ba za ta damu ba, amma wa ya san mata wannan? Ita ta ba da zobban, ita kuma ta ce ya fasa dutsen, ba ta kuwa faɗi wanda za a bari in abu biyun suka ƙi haɗuwa ba. Har aka kira azahar yana nan zaune. Da ya miƙe sai ya turo mini baƙin.

"Sa wannan. Tsohon kuma kada ka cire masa komai, ka naɗe mini shi yadda yake."

Makonnin da suka biyo baya ya yi ta hawa bayan gari yana koyon halin sabon bututu, yana zagina a kan nauyinsa duk inda muka gamu.

Ranar biki Bani Hadi ba su ba mu kunya ba. Dutsen nasu daga ƙasa bai fi ƙwayar shinkafa ba. Wan amarya ya dubi bindigar Mabkut ya ce, "Baba, an sayar da azurfar ne an biya sadaki?" Aka yi dariya. Mabkut ya naɗe zanen da mazanmu ke ɗaurawa, ya zauna ya kafa gwiwa. Sai na ga babban yatsansa ya tashi yana bin bututu, yana neman zoben farko. Ya bi har ƙarshe bai sami komai ba. Ya tsaya haka har mutane suka fara kallon juna.

Sannan ya kai ido ya ja kunama. Dutsen ya tashi fari kamar an watsa gari.

Mata suka kaure da guɗa a kan soro. Yaslam ya rungume shi, samari suka yi ta harbin iska. Shi kuwa kansa na sama, yana bin matan nan da kallo ɗaya bayan ɗaya, har sai da na ja hannunsa na ce nama zai huce. Ya zauna a tabarma, loma biyu ya yi.

Ba a gama wanke tukwanen biki ba sai ga shi a shagona, bindiga a kafaɗa, tsohon bututu naɗe a rawani a hammata.

"Mayar mini da shi."

"Yaya, wannan fa ko bangon gidanka ba zai samu ba."

"Na sani."

"To baƙin fa? Ka san wahalar da na sha kafin ya zauna?"

"Ka ba Yaslam. Ni aiken da aka yi mini na isar." Ya warware rawanin, ya bi zobban da yatsa, duka biyar. "Me ya rage da zan harba, Awad?"

Na mayar masa. Yana nan har yau, kullum da safe bindigar na kan cinyarsa yana dirza ta da tsinken ƙarfe ta baki, ni kuma na daina hana shi.