Kyamarar Baffa a Kan Turmi

A cikin wata tasi a Mosko na sake jin muryar nan mai kaushi, kiɗan jita na bin ta a guje. Kafin direba ya kai ni masauki, zuciyata ta koma tsakar gidanmu na Garwa, cikin bazara, lokacin da kogin Binuwai ke janyewa ya bar rairayi.

Da kaset ɗin wannan mawaƙi Baffa, yayan mahaifina, ya zo hutu daga karatu a Rasha. Ya ce mutumin ba waƙa kaɗai yake yi ba, har fim yake shiryawa, kuma akwai wanda ya buɗe da fuskar tsohuwarsa kawai, ba kiɗa, ba magana. Irinsa Baffa yake so ya yi. Yana da ƙaramar kyamara da naɗin fim guda da ya rage masa, na 'yan mintuna, wanda sai a can ake wankewa. Kaka, mahaifiyarsa, ta tsufa, ba ta da hoto ko ɗaya, shi kuma bai san ko zai dawo ya same ta ba.

Sai dai Baffa ɗan fari ne. A gidajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta haɗa ido da shi. Daga baya na ga uwaye a Rasha suna sumbatar ƙattin 'ya'yansu a tashar jirgi, na ga na Alƙahira suna rungume su a kasuwa. Tamu kakar ko ruwa za ta ba shi, sai ta aiko.

Da hantsi ya kifa turmi, ya ɗora kyamarar, ya kunna.

"Inna, nan za ki duba. Sau ɗaya tak."

Kaka ta ci gaba da tsintar shinkafa. Ta ce wa gwaggona, "Gaya wa wancan, in ya bar kunyarsa a ƙasar sanyi, tawa tana nan."

Gwaggo ta yi dariya. "Yaya, duk karatun nan, ka manta gidan da aka haife ka?"

Yana cikin roƙo akuya ta tura kai cikin jakar kasakasansa. Ya tafi korar ta, ya dawo ya tarar fim ya ƙare. Ranar bai ci tuwo ba.

Kaka ta rasu kafin ya gama karatu. Da ya dawo, furfura ta fara fito masa, muka rufe zaure da rana, aka rataya farin zane, aka haska fim ɗin. Ga ta nan, ta kau da fuska, hannu cikin faifai. Sai Baffa ya gifta ta gabanta yana bin akuya. Hannun ya tsaya. Ta ɗago kai ta bi bayansa da kallo, ba ta ƙifta ba, har zanen ya yi fari.

Baffa ya tashi ya fita. Ba wanda ya bi shi.

Yau 'yata tana kiran ɗanta na fari da sunansa, tana ɗaukar hotonsa a waya tun yana rarrafe, kuma ban ga laifinta ba. Shi zai girma ya san uwarsa tana kallon sa. Baffa sai da ya yi furfurar fari kafin ya sani.