Malamin da Ya Juya wa 'Yata Kujera

Kafin ɗalibai su iso makarantar koyon aikin haƙori, shi ya riga ya shiga ɗakin gwaji. Yana bin kawunan roban da ake koyo a kansu, yana gyara fitilu, yana duba kowane ƙarfe. Ɗalibai na kiransa Baba A-Sake, don ba ya barin kowa ya taɓa bakin mutum sai hannunsa ya faɗa a kan roba. Ƙarshen watan nan zai yi ritaya, ni kuwa tun da na ji na kasa zaune na kasa tsaye.

'Yata bahaguwa ce. Kujerun asibitin makarantar kuwa duk don masu dama aka kafa su. Da ta fara duba marasa lafiya sai ta riƙa aiki a karkace. Ta faɗi gwajin cike haƙori, ta sake faɗuwa. In ta ƙara, sallama ce. Ta dawo gida ta ce, "Baba, ko in haƙura?" Ni da ban wuce sakandare ba, me zan ce? Na yi ta zagaye tsakar gida har uwarta ta ce, "Malam, za ka cinye mana siminti."

Abokan karatunta suka ba ni sauran labarin. Baba A-Sake ya tsaya bayanta yana kallo, can ya ce, "'Yata, hannunki lafiya lau, kujerar ce ba ta da kunya." Ya kira mai gyara, suka kwance kujera ɗaya suka juya ta. Sannan da furfurarsa ya koma kan roba yana koyon aiki da hagu, wai ba zai koyar da abin da bai iya ba. Ɗalibai na dariya, yana cewa, "Ku dara, yau ni ne ɗan aji ɗaya."

Bai sassauta mata ko kaɗan ba. Ta sha "a sake" har ta gaji, amma ta ci gwajin.

Baba A-Sake, kai ne inuwar da ba ta zaɓen mai zama. Saura mata shekara guda, ban san wa zai tsaya bayanta ba. Ku da za ku gaje shi, don Allah ku duba kayan aikin kafin ku yanke wa yaro hukunci.

Na gode, Baba, Allah ya saka da alheri. Akwai haƙorin da ya daɗe yana damuna. Jibi zan zo in kwanta, in buɗe wa 'yata baki. Tsoro nake ji, don haka ina roƙon ka tsaya kusa.