Inna da Taubashinta Konseye

Inna, mahaifiyata, ba ta iya ɓoye magana ba, kuma ni na gado ta. Shinkafa take nomawa a fadamar bakin gulbi, hanyar Madekali. Konseye na unguwarmu kuwa, wanda anka zaɓa ya wakilce mu a ma'aikatar magajin garin Malanbil, taubashinta ne, ɗan kawunta. Tun suna yara suke zagin juna, ba mai fushi, don haka taubasantaka take.

Da ya nemi kujerar karo na farko, alkawari guda ya yi: zai sa a gyara tudun ƙasar da ke tare ruwa daga gonaki. Inna ta bi gida-gida tana nema mishi ƙuri'a har muryarta ta dushe. Ya ci. Damina ta zo, gulbi ya cika, ruwa ya fasa tudun ya kwanta bisa shinkafarmu. Shekara ta kewayo, haka. Wallahi na ga Inna tsaye cikin ruwa har gwiwa tana tsamo zangarniya ruɓaɓɓa, ba ta yi kuka ba, ni na yi.

Duk inda ta gamu da shi sai ta tare shi, ko tsakiyar kasuwa ne, gaban masu albasa.

"Kai raggo! Ina tudunmu? Ka gyara, ko in kada ka da hannuna."

Shi kuwa sai ya kwashe da dariya. "Ku ji baiwata! Tahi ki daka min fura."

Mutane su yi dariya, ya hau babur ya wuce. A nan ya yi kure. Duk abin da ya fito bakin taubashiya, shi wasa ya ɗauke shi.

Da zaɓe ya sake matsowa, dangi sunka taru kanta. Ƙanwarta ta ce, "Yaya, naka naka ne. In kinka juya mishi baya, da wane ido za ki shiga gidan Kawu?" Wannan ne ya dame ta, na sani, don zumunci gare ta ba abin wasa ba ne. Kwana uku ba ta da walwala. Amma matan fadama sun zuba mata ido, inda ta sa ƙafa nan za su sa.

Ran zaɓe ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na suna, ta tahi makarantar boko ta yi layi. Da la'asar anka ƙirga ƙuri'u gaban kowa, ana ja da alli bisa allo. Jam'iyyarsa ta faɗi a unguwarmu, faɗuwa ba kyau.

Washegari da hantsi Inna ta dama fura, ta ce in ɗauko kwanon. Munka tahi gidan Konseye, munka iske shi zaune a zaure shi kaɗai, 'yan rakiya duk sun watse. Ya dubi tawadar zaɓen da ke yatsanta.

"Har ke?"

"Har ni."

"Da kin hwaɗa min da gaske..."

"Shekara nawa ina hwaɗa maka, kana dariya?"

Ni dai na ce a raina yau zumunci ya tsinke. Inna ta zauna bisa tabarma kusa da shi, ta buɗe kwanon, ta miƙa mishi ludayi.

"Ga furar da kake ta aike na in daka. Sha, raggo."

Ya karɓa ya sha. Ranar bai yi dariya ba.