Yadda Muhyiddeen Ya Gano Mai Turo Wa Kawu

Muhyiddeen mai gyaran waya ne a bakin kasuwar Wudil, yana kuma canjin kirifto, wato kuɗin intanet. Mutum ne mai kirki, amma yana da ciwo guda: ba ya iya ganin abu a rufe ya wuce. Tun yana yaro a Achika yake farke rediyon mutane don ya ga mai magana a ciki.

Da idon kawunsa Garba ya mutu, noma ya gagara, sai wani bawan Allah ya fara turo taimako ta asusun Muhyiddeen, da irin kirifton nan mai ɓoye wanda ya aiko. Saƙon farko ya ce a riƙa ba Malam Garba, kada a yi tambaya. Duk Juma'a tsohon zai zo a jagore, ya karɓa, ya ɗaga hannu ya yi wa wanda bai sani ba addu'a. Da wannan gidansa ke cin tuwo.

Kada a yi tambaya? Ai kamar an zuga Muhyiddeen ne. Kuɗin dai ba ya nuna suna, amma sai an saye shi a hannun wani. Ya lura ba ya shigowa sai an tashi daga cinikin shanu. Ya bugi cikin wani abokin sana'arsa, ya ji wanda ke saye a daidai wannan lokaci, ya haɗa biyun ya gane. Bilya ne, dillalin shanu, mijin Sakina 'yar Kawu Garba.

Da ya yi shiru da an wuce wurin. Ina! Ranar Juma'a, gaban masu jiran waya, bakinsa har kunne ya ce, "Kawu, albishirinka. Na gano mutumin. Surukinka ne!"

Kowa ya san dattijo irin Garba ko ruwa ba ya sha a gaban mijin 'yarsa, balle a ce shi ke ciyar da shi. Tsohon ya janye hannun da ya miƙa, ya sa a aljihu.

"Ɗan nan," ya ce a hankali, "kana tsammanin ban sani ba? Shi ma ya san na sani. Rufa min asiri ya yi, ni ma na taya shi. Yanzu da ka faɗa, da wane ido zan karɓa?"

Kunya ta kama Muhyiddeen, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya bi shi har Achika yana ba da haƙuri. Kawu ya yafe masa nan take, amma kuɗi ya ce a mayar wa mai shi.

Bilya ya karɓi kuɗinsa ya daina turowa, abin da ya fi cin ran Muhyiddeen ke nan. Yanzu Muhyiddeen ne ke ɗaura buhun masara a babur ya kai Achika. Tsohon yakan shafa buhun ya tambaya, "Wannan kuma na wa ne?" Ko Muhyiddeen ya rantse nasa ne, sai an daɗe kafin a ce a shiga da shi.