Ka Wanke Hannunka?

Ina tsinkar zogale a gidanmu na unguwar Karewa aka bugo waya, aka ce an tare motar su Hamma, yayana, a hanyar arewa, kuma babu wanda ya fita. Lokacin ’yan gudun hijira sun cika Jimeta, shi kuma ya tafi ɗauko surukansa. Ba mu samu gawa ba. Ya bar ’ya ɗaya, da kwamfutar da yake buga wa mutane takardu da ita.

Bayan sadakar bakwai na kunna ta. Allon bai gama haske ba sai ga muryarsa: "Kai! Ka wanke hannunka?"

Ashe saboda yaran gida masu taɓa masa ita da hannun manja ya naɗi muryarsa, ya sa ta riƙa fita duk sanda aka kunna. Mahaifiyarmu Dada tana bakin ƙofa. Ta dubi tafukanta, ta ce, "Na wanke."

Haka muka zauna shekaru. Duk Juma'a sai ta ce a kunna mata yaron. Aka ajiye buta da sabulu kusa da teburin. Wani malami da ya zo gaishe ta ya ce wannan bai dace ba, amma da muryar ta fito sai ya cusa hannuwansa cikin riga.

Bana ’yar Hamma ta shiga makarantar jinya, kwamfutar kuma ta ƙi buɗe shafin makarantar. Mai gyara ya ce tsarin da ke tafiyar da ita ne ya tsufa, sai an share an zuba sabo. Na ɗauke ta a keke na kai masa shago. Yana cin ƙosai ya danna ta da hannun hagu. Hamma ya yi tambayarsa.

Mai gyara ya dube ni ya ce, "Adda, wane ne wannan?"

"Mai ita ne."

"Yana ina?"

"Ya rasu."

Ya ajiye ƙosan, ya fita ya fasa fiya wata a hannunsa, ya dawo.

Na ce masa komai na iya tafiya, ban da muryar. Ya kwashe hotuna a filas, ɗan abin adana bayanai, da takardun neman aikin mutanen da wataƙila sun yi ritaya yanzu. Muryar kam ya duba ko'ina bai ga inda take ba.

"In na share ban same ta ba, shi ke nan fa, Adda."

Sai ya ce bari ya naɗa da waya. Ƙarar janareta ta danne maganar. Ya roƙi maƙwabtansa suka kashe nasu, shi ma ya kashe, layin shagunan ya yi tsit. A nan muka tuna batirin kwamfutar ya daɗe da mutuwa, ba ta tashi sai da janareta. Mai sayar da caja ya leƙo ya ce, "To mamacin ya yi magana, ko mu kunna?"

Wajen la'asar ya sami naɗin a wani lungu na kwamfutar da Hamma ya sa wa suna kaji. Ba ɗaya ba ne. Hamma ya yi ta gwadawa kafin ya zaɓa. A wani, zakara ya katse shi, a wani, dariya ta ƙwace masa. A wani kuma ana jin Dada daga nesa tana cewa tuwo zai huce, shi yana cewa, "Ina zuwa."

Aka zuba sabon tsari. Shafin makaranta ya buɗe. Muryar tana ciki, amma yanzu sai an nemo ta an danna. Mai gyara ya ce akwai dabarar mayar da ita wurin kunnawa, zai tambaya, in dawo.

Ran Juma'a Dada ta wanke hannu ta zauna. Kwamfutar ta tashi shiru. Na danna mata, ta saurara, ba ta amsa ba. Ta ce a da shi yake fara magana, yanzu kiran sa ake yi.

Na koma shagon, mai gyara bai tambaya ba tukuna. Sauran muryoyin suna cikin filas a jakata, kuma har yau ban kunna wa Dada su ba.